Haruffa Sittin

A kamfaninmu na kai wa mutane abinci gida, ni ce mai amsa wayar masu ƙorafi, shekara shida ke nan. Teburina na jingine da na wani injiniyan manhaja da muke kira Sannu-Sannu. Shi ke kula da hanyar da oda ke bi, daga wayar mai saye zuwa 'yar na'urar da ke buga takarda a kicin ɗin gidajen abinci.

Ban taɓa ganin matsoraci irinsa ba. Kafin ya saki kowane gyara sai ya gwada sau uku, ya goge tabarau, ya kurɓi ruwa, ya sake gwadawa. Mahaifinsa tela ne, a shagonsa ya tashi, kuma ya ce tsohon ya sha gaya masa almakashi ba ya mayar da abin da ya yanke. Nakan tsokane shi in ce, "Ƙanena, to aure ma sai ka gwada sau uku?" Sai ya ce, "Yaya, bar ni da tsorona."

Wani mako masu gidajen abinci suka tasa mu gaba da mita, wai saƙon da masu saye ke rubuta wa kuku ya cika tsawo, yana cinye musu takarda. Manaja ya ce a rage. Sannu-Sannu ya saita na'urar ta riƙa buga haruffa sittin na farko kawai. Ya gwada sau uku kamar kullum, amma da irin saƙonsu na injiniyoyi: "ban da yaji", "ƙara albasa". Duk suka fito lafiya, ya saki gyaran da safe.

Ana tsakar hada-hadar abincin rana na ji kujerarsa ta bugi tawa. Na juya na ga fuskarsa ta yi fari fat kamar an yayyafa mata toka.

"Yaya, karanta wannan."

A allonsa ga saƙon wata mata: "Salamu alaikum, barkanku da aiki, ya gajiya? Don Allah ina roƙo kada a sa gyaɗa ko man gyaɗa, 'yata in ta ci numfashinta toshewa yake." A ƙasa kuma ga abin da kuku ya gani. Gaisuwa ce kawai, ta tsaya a kan "Don Allah ina". Sannu-Sannu, mutumin da ke gaida mai gadi sau biyu kowace safiya, ya manta cewa mutane sai sun gaisa suke faɗin abin da ya kawo su. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Kuma allon ya nuna mai babur ya miƙa abincin minti shida da suka wuce.

Na zari waya. Na kira gidan abincin, kuku ya ce da man gyaɗa suke soya kazarsu. Na kira matar, wayar ta yi ta ringi har ta katse. Na sake kira, shiru. Na lalubo lambar mai babur.

"Malam, juya ka koma gidan nan! Ka buga ƙofa ko za ta karye, kada yarinyar ta ci!"

Ya bar wayar a kunne cikin aljihu. Muna jin iska da hon da ƙarar inji. Sannu-Sannu ya janye gyaran nan take ba tare da gwaji ko ɗaya ba, sannan ya riƙe bakin tebur da hannu biyu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Muka ji bugun ƙofa, muka ji muryar mace, sai salati.

"Ta ci loma biyu," in ji mai babur yana haki. "Bakinta ya fara kumbura. Na ɗauke su, asibiti za mu."

Wayar ta katse. Sannu-Sannu bai motsa daga kujerarsa ba. Ni na ja shi zuwa mota. Duk hanya tambaya ɗaya yake maimaitawa: "Yaya, shekarunta nawa?" Ban sani ba, kuma ban so in sani ba.

Shekarunta biyar. Mun tarar an yi mata allura, tana kwance da robar iska a hanci, ƙirjinta na hawa da sauka. Likita ya ce da an ƙara minti goma, da labarin ya sha bamban. Na ce alhamdu lillahi, hawaye suka zubo mini.

Uwar ta fito baranda da mayafi a karkace. Da ta ji daga kamfani muke, sai ta fara: "Sannunku da zuwa. Ya aiki? Ya hanya? Allah ya saka wa mai babur ɗinku da alheri." Sannu-Sannu ya tsaya kansa a ƙasa, bai katse ta ba har ta kai ƙarshe.

"Ni ban ɗanɗana abincin ba," ta ce, "tunda na san na rubuta muku."

"Kin rubuta, Hajiya," ya ce. "Duka kika rubuta. Ni na yanke."

Ta kalle shi, ta koma wurin 'yarta.

Har yau yana nan a teburinsa. Kowace rana in oda ta fara shigowa, yakan buɗe saƙonnin masu saye ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya sa shi. Ina jin sa yana amsa gaisuwar ƙasa-ƙasa, "Lafiya lau," sai ya riƙe numfashi har ya ga abin da ke biye.