Kwarantin da San Aro

Ban taɓa shan wuyar damina irin waccan ba. Shanun huɗa biyu gare ni a Kuberi, ɗaya ya kama tari ana tsakar aiki, yana nishi, ya ƙi ci. Na hau babur na ɗauko likitan dabbobi daga Jega.

Ya duba ya ce ciwon huhu ne. "Kwarantin za ka yi masu, Malam. Kada su haɗa kiwo ko mashaya da shanun kowa. Ina gudan?"

"Yana daji," na ce.

Ƙarya na yi. Kwana uku ke nan da na ba yayana aronsa a Alelu, yana kwana cikin garkensa. Wurinmu ba a hana ɗan'uwa aron sa lokacin huɗa, ba a kuma zuwa karɓa sai ya gama. Abin kunya ne.

Don in kau da zancen na ce, "Likita, wanga kwarantin kuma wane irin Turanci ne?"

Ya yi dariya yana wanke allura. "Bature ma aro ya yi. Maganar mutanen Italiya ce, arba'in take nufi, su ma sun gaje ta daga Latin, yaren kakanninsu. Zamanin annoba, in jirgin ruwa ya iso, sai su tsare shi nesa da gari kwana arba'in, ba mai sauka."

"Har masu lafiya?"

"Su ne abin tsoro ai. Mutum ya sauka garau, ko tari ba ya yi, sai gari ya soma binne mutane. Daina hararata, ba ni na ƙago ba."

San da na ba da aro ko tari ba ya yi. Amma karkiya ɗaya suke ja da maras lafiyan, kwano ɗaya suke shan ruwa. Yayana kuwa ba shi da komai duniya sai shanun garken nan. Yinin ranar ban iya cin abinci ba. Cikin raina na riƙa ganin garkensa kwance, shi tsaye yana kallona.

Da gari ya waye na ɗauki igiya, na biya Jega na gaya wa likita gaskiya. Ya hau bayana kan babur muka nufi Alelu. Mun iske yaya bakin gona ya ɗaura wa san karkiya. Ko gaisuwa ban gama ba na sa hannu na fara kwancewa.