Ɗan Kwana-kwana Mai Tabo a Gira

Yau kasuwar Karaye ke ci, ga wani ɗan kwana-kwana tsaye a tasha cikin kakinsa da ya koɗe. Dogo ne, fatar bayan hannunsa duk ƙuna ta yamutsa ta, ga tabo mai zurfi a saman gira. Wannan tabon kam ba na wuta ba ne, na dutse ne. Na san halin mutanenmu: motar kashe gobara ta taso tun daga Kano, ta tarar komai ya zama toka, sai a tarye ta da jifa.

Ba mota yake jira ba. Idonsa na kan wani mai sayar da fetur a galan, yana ɗura wa babur mai, ga taba a bakinsa. Ya matsa a hankali, ya zare tabar, ya murje ta da takalmi har ta shige ƙasa.

"Malam, lafiya?" in ji mai fetur.

"Lafiya lau, Ɗanmaliki. Ba ka gane ni ba? Ni ka jefa a Rogo bara." Ya ɗora yatsa a kan tabon. "Wallahi ban yafe ba. Ranar da fetur ɗin nan ya kama, ni za a turo, kuma zan zo. Da hannun nan zan jawo ka daga wutar, ka durƙusa a gaban jama'a ka gode mini."

Mai fetur ya laluba aljihu, ya fito da ashana, ya dube ta, ya mayar.