Merle Tjaden, Abokin Kayen Zakara

Duk garin Kessel babu wanda ya san rufin zauren wasanni na makarantar sakandare kamar Merle Tjaden, har da kafintocin da suka ɗora shi. Ya san fitilu goma sha biyu ne, ya san ta uku daga gabas tana ƙyafta ido, ya san inda ruwan sama ya taɓa zuba ya bar tabo. Shekara huɗu ya yi yana kallon rufin nan a rigingine, duk yamma, Lonnie Vrba yana tsaye a kansa.

Laifin sikeli ne. A kokawar makaranta kowane rukunin nauyi mutum ɗaya ke wakiltar gari, su kuwa Merle da Lonnie tun shigarsu jikinsu ke tafiya tare kamar sun haɗa baki. In wannan ya ƙara laba shida, wancan ma ya ƙara. Duk Talata Koci Halvorsen yakan haɗa su gwajin gida, wanda ya yi kaye shi ke sa rigar makaranta ranar Asabar, kuma duk Talata Merle ke shan ƙasa. Ya gwada yunwa don ya sauka nauyin ƙasa, ya yini yana tofa yawu a gwangwani har ya yanke jiki ya faɗi a gaban sikeli. Ya gwada ci don ya hau na sama, uwarsa ta yi ta ɗura masa dankali da naman alade, jikin ya ce bai san zancen ba.

Lonnie dabara ɗaya gare shi, amma ta ishe shi. Hannun dama a ƙeyarka, na hagu a gwiwar hannunka, ya tura ka baya taku huɗu, a na biyar ya jawo ka kamar zai raɗa maka magana, sai ƙafarsa ta share taka ta hagu. Kowa a jihar Iowa ta Amurka ya san taɗiyar tana tafe, babu wanda ya iya tare ta. Da ita ya zama zakaran jiha shekara biyu a jere, alif ɗari tara da saba'in da uku da kuma saba'in da huɗu, kuma a jikin Merle ya wasa ta, sau talatin, sau arba'in kowace yamma. In ya kayar, ba ya dariya, ba ya ba da haƙuri. Sai ya dubo ƙasa ya ce, “Tashi, Merle. A sake.”

Aka gama makaranta, Lonnie ya tafi birni sayar da taraktoci, ya dawo da tumbi da mota mai tsawo. Merle bai je ko'ina ba. Ya yi kiwon aladu a gonar ubansa, ya auri Ardis, mace mai baki kamar reza da zuciya mai kyau, sannan ya shekara talatin yana tuƙa bas ɗin makaranta. Shi ke kai 'yan kokawa gasa cikin dusar ƙanƙara, ya hau can benci na sama ya zauna da kofinsa. Kunnensa na hagu ya dunƙule irin na waɗanda suka daɗe a kan katifar kokawa, don haka baƙi sukan tambaye shi, “Dattijo, wace shekara ka je gasar jiha?”

“Kowace shekara,” yakan ce. “Ni ke kai su.”

Bara aka cire masa ƙashin kwatangwalo na hagu aka sa na ƙarfe. Likitar ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba, ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya yi laushi, faɗuwa ɗaya mai kyau, sai keken guragu. Tun daga nan Ardis ta kwashe duk dardumar gidan, ta hana shi ko hawa kujera ya canja ƙwan fitila.

Da aka cika shekara hamsin da gamawar su Merle, makaranta ta ce za ta karrama tsofaffin 'yan kokawarta, a kafa sunayensu a bango a kan allunan tagulla. Sharaɗin shi ne ka taɓa yi wa makaranta nasara a gasa. To, Merle ko rigar bai taɓa sawa ba. Amma kwamiti bai manta da shi ba, Allah ya saka musu, sun aiko masa takarda suna roƙon ya zo da wuri ya taya jera kujeru. Ƙarya ne a ce abin bai yi masa zafi ba. Ya yi, sai dai tsohon zafi ne, irin na gwiwa lokacin sanyi, wanda mutum ya gaji da ba shi labari.

Saura kwana goma bikin, Denise 'yar Lonnie ta zo gidan su Merle da safe. Ardis ta zuba mata kofi, ta yanko mata kek ɗin tuffa, ba ta ko taɓa ba.

“Kawu Merle, ka san Baba shekararsa biyu a gidan tsofaffi,” in ji ta. “Ya manta kowa. Ni ma kallon ma'aikaciya yake yi min. Yanzu kuma tun Kirsimeti ya daina tashi daga kujera. Likita ya ce ƙafafunsa lafiya lau, tashin ne kawai ya ɓace masa.”

“To ku turo shi a keke mana,” in ji Ardis. “Rabin waɗanda za a karrama ɗin da sanda za su zo.”

“Garin nan a tsaye ya san shi, Anti. Ina so ya taka da ƙafarsa zuwa tsakiyar katifa a ɗaga hannunsa, ko sau ɗaya. Kawu, ka zo ka gan shi, ko Allah zai sa.”

Merle ba ya son zuwa. Ya gaji da Lonnie Vrba tun kafin a haifi yarinyar nan. Amma ya ɗauki hularsa, Ardis ta biyo shi.

Sun same shi a bakin taga, ya rame, wuyan nan da ake tsoro ya koma kamar na kaza. Ma'aikata biyu suka kama shi ta hammata suna lallashi, “Yawwa, Mista Vrba, bismillah, mu tashi.” Ya sake musu jiki kamar buhun masara. Merle ya yi ta kallo har haushi ya kama shi.

“Ku matsa,” ya ce. “Ba haka ake taɓa shi ba.”

Ya sunkuya, ya ɗora hannun dama a ƙeyar Lonnie, ya kama gwiwar hannunsa da na hagu. Idon Lonnie bai canja ba, amma hannunsa ya taso da kansa ya sauka a ƙeyar Merle, daidai inda ya saba sauka. Sai ga mutum ya miƙe tsaye. Denise ta rufe baki. Lonnie ya fara turawa, Merle yana ja da baya, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Nan Merle ya ji yatsun sun ƙara matsewa, nauyin ya koma ƙafa ɗaya. Ya san abin da ke tafe, ya fizge kansa da sauri. Yana saki, gwiwoyin Lonnie suka lanƙwashe, da ƙyar ma'aikatan suka tare shi.

“Ikon Allah!” Denise tana kuka tana dariya. “Ranar kawai kada ka sake shi, Kawu.”

Merle ya gyara hularsa ya fita. A mota ya gaya wa Ardis, don ita ba a ɓoye mata abu.

“Taku na biyar zai taɗe ni. Bai san sunansa ba, amma ƙafar ba ta manta ba.”

“Wace ƙafa yake ɗauka?”

“Ta hagu.”

“Ta hagu! To sannu, jarumi. Shekara hamsin mutumin nan bai taɓa ce maka na gode ba, ko katin Kirsimeti matarsa ce ke rubutawa. Sunanka ma ba ya bangon, kujeru aka ce ka jera. Ni za ka bar wa turin keke da wannan bayan nawa?”

“Zan sake shi kafin nan.”

“In ka sake shi ya zube a gaban mutum ɗari shida. Ka ɗauka ban san ka ba, tsohon banza?”

Merle ya kunna abin share gilashi, alhali ba abin da ke sauka.

Ranar Asabar da azahar zauren ya cika maƙil, warin gugguru da jiƙaƙƙun riguna ya gauraye ko'ina. Merle ya jera kujerun tun da safe. Ya kuma auna katifar da ƙafarsa lokacin da ba kowa, ya ga daga bakinta zuwa da'irar tsakiya taku biyar ne in an buɗe ƙafa sosai. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci. Ardis ta zauna a benci na uku, ta rungume jaka, ba ta kula kowa.

Aka fara kiran sunaye. Tsofaffi suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya, masu sanƙo da masu ɗingishi, waɗanda a da suke suma don rage laba ɗaya yanzu bel ba ya zagaye su. Kowanne ya je tsakiya, wani tsohon alƙalin wasa da aka gayyato da rigarsa mai zane ya ɗaga masa hannu, a tafa, a miƙa masa allonsa. Merle ya san su duka, ya san wanda ke amai a bas kafin gasa da wanda ke kuka bayanta. Lonnie aka bari a ƙarshe.

Denise ta turo keken har bakin katifa. Mutane suka fara sunkuyar da kai, kamar yadda ake yi in an ga abin da ba a so gani ba. Merle ya taso a hankali, yana jin gajiyar da ba ta da alaƙa da kujeru. Ya sunkuya, ya sa hannu a ƙeya.

“To, Lonnie,” ya ce ƙasa-ƙasa. “Ga ni.”

Hannun ya taso. Lonnie Vrba ya miƙe, zauren ya ɗauka da ihu. Ya fara turawa, Merle yana buɗe taku yadda ya auna. Ɗaya. Biyu. Wani daga sama ya ƙwala, “Kama shi, Vrba!” aka fashe da dariya. Uku. Huɗu. Yatsun suka matse.

Akwai lokacin saki, Merle ya gan shi sarai, kamar yadda direba ke ganin kwana tun daga nesa. Bai saki ba. Abin da ya iya ke nan a duniya fiye da kowa, ya san yadda ake faɗuwa a bar Lonnie a tsaye. Da ƙafar ta share tasa, sai ya tura gwiwar hannun Lonnie sama ya daidaita shi, sannan ya zare hannunsa ya tafi ƙasa shi kaɗai. Ya ji ƙarar a cikin jikinsa kafin ya ji zafin.

Alƙalin, tsohon hannu ne, bai tsaya tambaya ba. Ya cafke wuyan hannun Lonnie ya ɗaga sama, Denise ta riƙe shi ta ɗaya gefen. Mutane suka miƙe suna buga benci da ƙafa, sun ɗauka shiri ne aka yi don a ba su dariya. Ardis ce kaɗai ta san ba shiri ba ne, tana saukowa tana ture mutane da jaka, tana faɗar abin da ba a faɗa a makaranta.

Merle yana kwance a rigingine. An canja fitilun, yanzu farare ne dogaye, ba mai ƙyafta ido, amma tabon ruwan yana nan inda ya bar shi. Ya ɗan ɗaga kai ya dubi ƙafarsa ta hagu, ya ga ta kwanta ta juya waje. Ya ce mata ta motsa, ta ƙi. Ya mayar da kansa kan katifa.

Sai fuskar Lonnie ta shigo tsakaninsa da rufin. Hannunsa na sama har yanzu, yana haki, yana duban ƙasa da idon nan na da.

“Tashi, Merle,” ya ce. “A sake.”

Denise ta juyo da sauri. Shekara biyu ba ta ji ubanta ya kira sunan kowa ba, har da nata. Ardis, da ta iso ta durƙusa da zagi a bakinta, ta haɗiye shi, ta sa hannu a ƙarƙashin kan mijinta.

Merle ya dubi mutumin da ke tsaye da ƙafafunsa a tsakiyar katifa, garin Kessel duka yana kiran sunansa.

“Yau dai ka yi haƙuri, Lonnie,” ya ce. “Na gaji.”