Gauraka a Gefen Fadamata

Ƙarshen damina ne, shekarar da gulbi ya haura ya cinye shinkafar mutane tun daga Augie har Zauro. Ruwa ya fara janyewa, ya bar laka da warin ruɓaɓɓen kara. Ko a gidan suna ba a wata hira sai ta iri da injin ban ruwa, kowa na son ya fanshe a noman rani.

Ina da 'yar fadama da na gada wurin mahaifinmu, ƙanena ke noma mini ita. A gefenta na gabas akwai wani kwari mai ciyawar kacalla wanda ba mu taɓa sa wa fartanya ba. A nan gauraka biyu suka yi sheƙa, har sun ƙyanƙyashe.

Ban san darajarsu ba sai ta dalilin wata malama mai aikin kare namun daji. Ta zo ajinmu na yaƙi da jahilci a Argungu, daga Birnin Kebbi, da dogon takalmin roba a ƙarƙashin zane. Muka yi ta ƙunshe dariya. Ba ta yi mana wa'azi ba, tambaya ta yi: yaushe rabonmu da ganin gauraka? Wata tsohuwa ta ce lokacin da aka kawo ta amarya kukansu ke tashe ta da asuba. Malama ta ce yanzu ana kama su a kai gidajen manya don ado, sheƙarsu kuma wuta ke ci.

Da na faɗa mata labarin nawa gaurakan, ta biyo ni fadama. Abin da ya ɗaure mini kai, ba ta je kusa da sheƙar ba. Can nesa ta tsaya, ruwa har gwiwa, tun hantsi har azahar, tana kallo. Ta ce sawun mutum hanya yake buɗe wa karnuka. Sai ta kakkafa kara a kewaye, ta ɗaɗɗaura tsummoki don alamar iyaka.

"Inna, ki bar musu nan har 'ya'yan su yi fiffike," in ji ta. "Iyakar roƙona ke nan."

Ni mace ce mai bari a yi yadda aka ga dama, don a zauna lafiya. Amma tun ranar, in na rufe ido ita nake gani tsaye a ruwa.

Bayan 'yan kwanaki ƙanena ya shigo da la'asar, ya ce gobe za a sare kacallar, in ta bushe a sa wuta, a shuka shinkafa.

"A bar wurin nan bana," na ce.

"Yaya, mi kika ce? Gauraka za su tuƙa miki tuwo?"

"Ba za su tuƙa ba. A dai bar shi."

"Wagga malama mai takalmin soja ta juya miki kai. Ita albashi take ci, ke shinkafa."

Gaskiya ya faɗa, kuma rumbuna ba komai. Na ce ya fara da yamma, gabas ta jira. Ya yi dariya ya sa hularsa, ya ce ya riga ya gaya wa 'yan ƙwadago. Ya saba in ya yi dariya nakan sauko.

Washegari ina idar da sallar asuba na ɗaure zanena sama da gwiwa, na kama hanyar fadama. Na shiga ruwa na tsaya daidai karan da malama ta kafa, ban ƙara taku ba. Da suka iso da laujensu, ƙanena ya daɗe yana dubana.

"Yaya, sanyi zai kama ki."

"Ina kwana," na ce. "Yamma tana can."

Ya sosa ƙeya, ya kaɗa mutanensa suka nufi can. Ni kuwa na bi karan ɗaya bayan ɗaya, ina sake ɗaure tsummokin da iska ta kwance.