Mutari da Gilashin da Ya Sha Raɓa

Shekara shida muna ɗaki ɗaya da Mutari a unguwar Al Nahda, can ƙasar Larabawa, har yau ban daina yi masa tsiya ba. Mutum ya baro Damagaram, ya yi dako a rumbunan Jebel Ali, ya ƙare a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a yana dafa gilashi kamar mai tuyar waina. Shara aka ɗauke shi yi. Da malamai suka lura hannunsa ba ya rawa, sai suka bar masa tanderu.

Gilashin nasu na sinadarin fosfat ne. Gilashin taga hana lantarki wucewa yake yi, wannan kuwa akwai 'yan ƙwayoyi a cikinsa masu tafiya ɗauke da wutar, shi ya sa ake sa ran yin batir da shi. Mutari ya narka, ya zuba, ya goge shi ya koma kamar kwabo, ɗalibai su auna yadda wuta ke ratsa shi.

A watan Agustan bara wata ɗaliba 'yar Kano, Khairunnisa, ta auna nata ta ga wuta na wucewa ninki goma na yadda aka saba gani. Saura wata biyu ta kare digirinta na uku, kuma a kan wannan sakamakon ta ɗora komai. Kowa na taya ta murna, ban da Mutari. Ubansa gishiri yake sayarwa, ya san abin da damina ke yi wa buhu. Ya kuma ga tana ɗauko gilashin daga ɗaki mai sanyi, ta ratsa tsakar gida da shi a faranti, a garin da tabarau ke yin hazo da zarar ka fito daga sanyin jirgin metro.

Kwana uku maganar na cin sa, sannan ya tare ta.

"Hajiya, ki yi haƙuri, gilashin nan ya sha raɓa. Ruwa kike aunawa."

"Malam Mutari, yanzu kai ne supervisor ɗina?"

"Non, a'a wallahi. Ki dai busar da shi shwaiya, ɗan kaɗan, ki sake."

Mako guda ba ta amsa gaisuwarsa ba, ni har na ji haushinta. Daga baya ta busar, ta sake awo a rufaffen akwati, ninki goman ya ɓace. Ta sha kuka, ta sake rubuta babi biyu.

Ranar kare digirin, tambayar farko da baƙon farfesa ya jefo mata a kan danshi ce. Ta buɗe masa awon biyu, na jiƙa da na bushe, ta ce wanda ya gano yana tsaye a bakin ƙofa. Farfesan ya taso ya je ya ba Mutari hannu.

Sau uku na sa shi ya maimaita mini labarin, kaina sai ƙara girma yake. Shi kuwa gogan cewa ya yi da ya sani da ya goge rigarsa.