Ozella Tidmore Ta Rufe Piyano

Kullum da ƙarfe shida na safe 'Yar'uwa Ozella Tidmore takan ɗora ruwa a wuta, ta barbaɗa gishiri, ta tsoma hannayenta har sai gaɓoɓin sun saki. Sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu kamar saiwar bishiya. In sun saki sai ta sha baƙin kofi, ta ɗauki sanda da mabuɗi, ta bi gefen hanya zuwa cocin Rafin Sanyi. Ta buɗe tagogi, ta goge piyano da tsohuwar riga, ta zauna ta kaɗa wa kujeru sa'a guda. Babu kowa a kujerun. Masu su yawanci suna bayan cocin, a kwance ƙarƙashin ciyawa, kuma ita ce ta raka kowannensu da kiɗa.

Shekararta casa'in. Sittin da takwas daga ciki ta yi su a kan kujerar piyanon nan. Ba a taɓa sa hotonta a jarida ba, shi ya sa na ce wa 'yata Nelda ta kawo biro ta zauna.

Ni ne Burl Haskew. Duk wanda ya san tsaunin nan namu na arewacin Alabama ya san ni, in bai san fuskata ba ya ji muryata. Na yi shekara arba'in a injin yanka katako. Guguwa ta yaye rufin gidana sau biyu ina ciki. Wani likita ya ce saura mini wata shida, ni na rera waƙa a jana'izarsa. Na binne mata ɗaya, ɗa ɗaya, da duk mutum ukun da muke tashi mu rera tare. Daga nan har iyakar Georgia babu mai muryar ƙasa, wato mai kaurin nan, irin tawa, ku tambaya. To duk wannan cika bakin, ba don matar nan ba da ban wuce mai gurnani a bayan taga ba.

Yunwa ce ta fara kai ni wurin waƙar bishara, ba tsoron Allah ba. Shekarata goma sha bakwai, a 1956. Ubana ya mutu da kwalba a hannu, gidanmu ba a jin komai sai tarin uwata. Na ji an ce ana taron waƙa na yini guda a Rafin Sanyi, kuma da rana za a jera tebura a ƙarƙashin itatuwa, da soyayyar kaza da burodin masara da wake. Na je na jingina da bango ta waje ina jiran a yi addu'ar abinci.

Sai maza huɗu suka tashi a ciki. Ɗaya ya ɗaga murya siririya kamar waya, biyu suka riƙe tsakiya, wani ƙato mai suna Cleon Batey kuma ya sauke tasa har ƙasa. Na ji katakon bangon yana rawa a bayana. Piyano yana tsalle-tsalle a tsakaninsu kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Suna waƙar wani gida ne a ƙetaren kogi inda ba a rabuwa kuma ba a tari. Ban san Allah ya ajiye wa talaka irin wannan abu ba. Ban san lokacin da na buɗe baki na bi Cleon ba.

Da aka fito cin abinci, siririyar budurwar da ke kaɗa piyanon, Ozella, ta tsaya a gabana, ina riƙe da cinyar kaza ta uku.

"Kai, ɓarawon kaza. Kai ne ke gurnani a bayan taga?"

"Ba ni ba ne, Malama. Kare ne."

"To ka gaya wa karen ranar Litinin za a fara makarantar waƙa, kwana goma. Yana da murya, tarbiyya ce babu."

Na je. A littattafanmu kowane sauti da alamarsa. Do kamar rufin ɗaki, re kamar ƙwarya, so kamar ƙwai, la kamar akwati. Cikin kwana uku na fi 'ya'yan fasto saurin karanta su, kuma har yau babu wanda ya kamo ni. Amma al'adarmu, sai an fara rera sunayen alamomin tukuna, sannan a koma farko a rera kalmomin. In ana alamomi, ni ne zakin ɗakin. In an zo kalmomi, sai tari ya kama ni. Ban taɓa shiga aji ba. Baƙaƙen nan a idona tururuwa ce kawai.

Rana ta huɗu ta tsayar da ni bayan an tashi.

"Burl, tarin nan naka akwai wayo. Ba ya zuwa sai an zo kalmomi."

Na kama hulata. Da ta ƙara kalma ɗaya, da na fita ban sake dawowa ba. Sai ta buɗe littafin ta kau da kai, ta ce, "Zauna ka jira ni. Masu buga littafin nan suna yawan kuskure, bari in duba." Ta karanta kalmomin a fili, a hankali, sau biyu. Ni kuwa kaina kamar tarko ne, abin da ya shiga ba ya fita.

Kowace shekara sabon littafi yakan zo da bazara. Kowace shekara kuma sai matakalar gidan Ozella ta lalace, ko shingenta ya karkace. In zo da guduma, ita kuma ta zauna a baranda tana duba kuskuren masu buga littafi da babbar murya. Shekara sittin da bakwai muka yi haka. Ba ta taɓa samun kuskure ko ɗaya ba, ba ta kuma taɓa cewa, "Na san ba ka iya karatu ba."

Ke ce, Ozella, kika taka mil uku cikin ƙanƙara don ki yi kiɗa a jana'izar Hoyt Sizemore, mutumin da ko karensa bai yi kukan mutuwarsa ba. Mu biyar ne a wurin, har da mai haƙa kabari. Ke ce kika koya wa yara ɗari-ɗari alamomi, suka girma suka tafi birane, wasu har ana jin su a rediyo, babu wanda ya ambaci sunanki. Kuma lokacin da motar katako ta kife da ɗana Dwight a gangaren tsauni, muryata ta ɗauke shekara guda cur. Ina zuwa in zauna a wurina kamar kututture. Kin dai riƙa danna ɓangaren muryata a piyano da hannun hagu da ƙarfi, kowace Lahadi, don kada a ji ramin. Kin riƙe mini wurina har na dawo. Uwar hannun hagu, wa ya isa ya biya ki?

Bana littafi ya zo kamar kullum. Na je da guduma. Na tarar da ita a baranda da littafin a rufe a kan cinya.

"Ajiye gudumar nan, Burl, matakalar lafiyarta ƙalau. Idona ne. Tsakiyar duk abin da na kalla baƙi ne, sai gefe-gefe."

Wanda ba namu ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. A babban taronmu na watan Satumba, ana kiran masu ja gaba ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi lambar waƙar da yake so ya ja daga sabon littafi, mai piyano kuma ta kaɗa nan take, ko ba ta taɓa jin waƙar ba. Wadda ta ce "ban iya ba" sai ta sauka daga kujera a gaban jama'a. Ozella ba ta taɓa sauka ba. Ɗan ƙanenta ya riga ya samo mata ɗaki a gidan tsofaffi a Chattanooga. Abu ɗaya take so: ta gama taron bana a kan kujerarta, ba wanda ya ji tausayinta.

"Kai kana ganin alamomi," in ji ta. "Ka rera mini su, ni in riƙe."

Haka muka yi duk damina, kowace safiya a coci. Na rera mata muryoyi huɗun duka, har ta mata, ni Burl Haskew, ina tsiwirwiri kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba. Tana cewa, "Sake. Ka ci la ɗin nan kamar yadda kake cin kaza." Waƙa ɗari da arba'in ce a littafin. Talatin da ɗaya muka iya haɗiyewa. Kalmomi kuwa babu mai karanta mana, ita ba ido, ni ba ilimi. Na shirya tsohon tarina.

Ranar taro mutum arba'in da 'yan kai suka zo. A da, ɗari shida ake yi, har a kan motoci ake zama. Doyle Culpepper, shugaban taro, ya fara kiran suna. Na farko ya faɗi lamba, tana cikin namu. Na biyu ma haka. Har aka tashi cin abinci ba a fita daga talatin da ɗayan nan ba. Na ce a raina, Burl, addu'arka ma ta fi ta kowa ƙarfi.

Bayan abinci Doyle ya kira wani baƙo da ya zo daga Georgia, Kendall Ames, mutum mai ladabi, da kwat mai kyau. Ba a hana baƙo ja gaba. Ya tsaya ya yi murmushi ya ce, "Lamba tamanin da takwas."

Ba ta cikin namu.

Ozella ta ɗora yatsu a kan piyano. Ta kai fuskarta dab da littafin har hancinta ya kusa taɓa takarda. Ba ka jin komai sai fanka.

"Wace lamba ka ce, ɗana?"

"Tamanin da takwas, Mama."

Sai na ji ni a tsaye.

"Ɗan'uwa Doyle, ina da shaida." Muryar da nake taƙama da ita ta fito kamar ta akuya. "Ni ban iya karatu ba. Ko sunana ban iya ba. Shekara sittin da bakwai matar nan ke karanta mini kalmomi ina yi muku burga. Wannan waƙar ban san kalmominta ba, kuma babu muryar ƙasa in ba ni. Saboda haka a canza lamba. Laifina ne, ba na kowa ba."

Na tsaya ina jiran rufin ya faɗo mini.

Doyle ya cire tabarau ya goge. "Zauna, Burl. Mun sani tun kafin a zuba wa hanyar nan kwalta."

Wani ya yi dariya, dariyar ta mutu a hanya. Lorene Pate, wadda ta fi kowa baki a tsaunin nan, ta juyo ta ce, "Lambobi talatin da ɗayan nan fa, ka ɗauka mala'ika ne ya raba mana? Kuna buɗe tagogi, ana jin ihunka har gidan mai. Doyle ya rubuta su ya bi gida-gida. Baƙon ne kawai muka manta."

Ozella ta juyo da fuskarta wajen da muryar ta fito. "Kun san da idona?"

"Tun bikin Ista, 'yar'uwa," in ji Doyle a hankali.

Kendall Ames ya yi ja har kunne, yana ta ba da haƙuri, yana cewa zai zaɓi wata. Ta ɗaga masa hannu.

"An kira tamanin da takwas. Burl, ba ni alamomin."

Na rera su ni kaɗai, sannan jama'a suka shigo. Ta saurara baiti guda. A na biyu ta shigo, ta yi tuntuɓe, ta danna inda ba nan ba sau uku ko huɗu, abin da kunnena bai taɓa ji daga hannunta ba. Amma ta kai ƙarshe. Sai ta ja murfin piyanon ta rufe da kanta, ta ce, "Na sauka."

Doyle ya tambaya ko akwai mai hawa. Babu. Duk ɗakin babu mai yatsun da suka san alamomi. Kafin la'asar aka ɗaga hannu aka amince, aka rufe taron Rafin Sanyi har abada bayan shekara casa'in da ɗaya.

Na riƙe mata hannu muna sauka matakala. Na ɗauka za ta gode mini, ko ta ce na yi jarumta, don na yi.

"A layi na uku ka yi ƙasa da rabin murya," in ji ta.

"Kuka nake yi, Ozella."

"Ka yi kukanka a kan sautin da aka rubuta."

Ke ce kika ɗauko ni daga bayan taga, ke ce kika rufa mini asiri har na tsufa ina ɗaga kafaɗa. Na gode, Malama. Tsaunin nan ya gode, na sama da na ƙarƙashin ciyawa. Allah ya saka miki da abin da mu muka kasa.

Ku kuma da kuka san wani abu, kowane iri ne, ku zaunar da wani ku koya masa tun idonku na gani, kuma ku koya masa yadda ta yi, ba tare da kun sa ya sunkuyar da kai ba. Mu mun yi ta sauraronta muna jin daɗi, ba wanda ya tura 'yarsa ta zauna kusa da ita ta gaji kujerar, ga shi yau piyano a rufe.

Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe ɗan ƙanenta zai zo da mota. Duk wanda ta taɓa yi wa kiɗa a aurensa ko a jana'izar wani nasa, ya zo ƙofar gidanta. Kada ku kawo fure, ba za ta gani ba. Ku zo da murya.