Yadda aka hana Tsakuwa ɗaukar 'yarsa

Kun taɓa ganin uban da aka hana ɗaukar 'yar cikinsa saboda dutse? Dutse fa!

Tsakuwa ake ce masa, don tun yana yaro aljihunsa ba ya rabo da fararen duwatsu, uwarsa ta yi ɗinki har ta gaji. Ashe abincinsa a nan yake. Yanzu a ɗakin gwaje-gwaje yake aiki. Akwai wani dutse garai-garai kamar ƙanƙara, shi suke kaiwa a harba masa wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, sai ya dawo ya yi duhu kamar hayaƙi ya shige shi, ya ji ciwo a ciki ke nan. Tsakuwa ya ɓalli ɗan mitsitsi ya zura a siririn bututun gilashi ya sa tsakanin maganaɗisu biyu manya kamar tayar mota, injin ya yi ta zana layi sama ƙasa sama ƙasa, shi kuma ya karanta irin ciwon. Aikin ke nan fa, bai zagi kowa ba.

To matarsa ta haihu, mace, surukarsa ta zo zama, tsautsayi ya sa aka ba ta labarin aikin. Ya dawo da yamma yana washe baki ya miƙa hannu, surukar ta janye jaririya.

"Tsaya nan bakin ƙofa! Abin da ya ƙona dutse jikata zai bari?"

"Mama, hasken wucewa yake, ba ya zama a dutsen, balle ni."

"In wucewa yake me ya baƙanta shi?"

Aka ware masa kwano, aka ware masa kujera. Ya yi wanka ya sake kaya, ta ce sabulu ba ya fidda abin da ido ba ya gani. Matar kuma sai "yi haƙuri mana, ka san Mama." Yarinya har ta fara murmushi, uba na leƙe daga ƙofa kamar baƙo. Haba!

Ran nan haƙuri ya ƙare. Matar na ɗaki, Mama na falo da jaririya a cinya tana kuka da ciwon gwiwarta.

"Mama, wannan gwiwar ba ita aka yi wa hoton ƙashi a asibiti ba?"

"Ita ce."

"To da ɗan'uwan hasken nan aka ɗauka. Ga jikarki a kanta."

Salati! Tsohuwa ta zabura ta duba hagu ta duba dama babu kowa sai shi, ta danƙa masa yarinya ta yi banɗaki tana ɗingishi tana neman sabulu.

Tsakuwa ya zauna a ƙasa ya rungume 'yarsa ya ƙi motsi. Mama dai har yau ba ta yarda ba, kawai ta ce tunda duk sun ɗauki hasken babu mai hana wani.

Don Allah ku tura wa 'yan gidanku kafin a ware wa wani bawan Allah kwano.